Wasiƙa daga New Bedford ta Amurka: neman asalin kakan uwargida

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka yi mini uzurin shirun da na yi. Wani aiki ne na ɗauko da wasa, sai ya cinye mini darare kusan wata huɗu, kuma a ƙarshensa akwai roƙon da zan yi maka.

Ɗan naka ne ya janyo. An ba su aikin gida a makaranta, kowa ya zana bishiyar zuriyarsa. Ya tambayi uwarsa daga ina kakanninta suka zo, ta ce daga Fotugal, iyakar abin da ta sani ke nan. Muka je wurin surukata, ta ciro wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙasan sif. A ciki akwai hoton wani dattijo mai gashin baki, ya dafa kujera da hannun da yatsu biyu suka guntule. Ta ce kakan mahaifinta ne, a teku ya rasa yatsun.

Farkon abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunan gidan. Perry suke amsawa, suna irin na Ingilishi. Wata tsohuwa a ɗakin karatu ta garin nan ce ta warware mini: da yawa daga cikin masu Perry a nan asalinsu Pereira ne, kamar yadda Rodrigues ya koma Rogers, Oliveira ya koma Oliver. Wani magatakarda ne zai rubuta abin da kunnensa ya ji, wani kuma mai sunan ne da kansa zai sauya don a ɗauke shi aiki a masaƙa.

Na biyu, na same shi a takardun ƙidaya, amma a gurbin wurin haihuwa an rubuta “Western Islands”. Mako biyu ina lalube a tsibiran Karibiyan, ashe tsohon sunan da Turawa ke kiran tsibiran Azores ne, tsibirai 9 na Fotugal a tsakiyar tekun Atlantika. Takardun ƙidayar 1890 da za su taimaka kuwa gobara ta lalata mafi yawansu a 1921. A jerin fasinjojin Ellis Island, tsibirin New York inda a da ake tantance baƙi masu shigowa Amurka, ma babu shi, kuma da dalili: sai a 1892 aka buɗe wurin, shi kuwa ya riga ya iso. A wancan zamanin, jiragen ruwan New Bedford masu farautar wel, wannan ƙatuwar dabbar teku da ake narka kitsenta a yi man fitila, sukan tsaya a Azores su ɗebi ruwa da abinci da ma'aikata. Samari da yawa da dare suke hawa, ba fasfo ba sallama, suna gudun talauci da aikin soja na dole. Wanda ya fita ta wannan hanya ba ya barin sawu a takarda.

Abin da ya cece mu shi ne ya makara wajen neman zama ɗan ƙasa. Daga 1906 aka fara tambayar mai nema garin da aka haife shi dalla-dalla. A takardarsa muka ga Lajes do Pico, ƙauyen masunta a tsibirin Pico, inda dutse mafi tsawo a duk Fotugal yake, mita 2,351.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri zalla. Kafin 1911 rajistar haihuwa a Fotugal kusan duk a hannun coci take, kuma gwamnatin Azores ta ɗauki hoton waɗannan littattafan ta ɗora a intanet kyauta. Sai dai ba ka neman suna ka danna ya fito. Shafi-shafi za ka bi, rubutun hannu na limamin coci, tawada ta huda takarda, kuma a ƙauyen kusan rabin maza Manuel ne, matan kuwa Maria, da yawansu ba su da sunan gida. Na koyi kalmomi kaɗan na Fotugis, na haihuwa da baftisma da “ɗan wane”, na dinga bi da yatsa a kan allon kwamfuta. Ka tuna yadda muke fama da ajamin tsofaffin wasiƙun Malam? Haka na ji. Daren da na same shi, wajen ƙarfe biyu, na tashi uwargida daga barci. Limamin ya rubuta sunan jaririn, da iyayensa, da kakanninsa na ɓangarori biyu, da sana'ar uban. Ta zauna a bakin gado tana maimaita sunan uwar tana hawaye, matar da ta haifi yaro ya hau jirgi bai sake komawa ba.

Da yaron ya kammala zanen, ɓangaren uwarsa ya cika har ya zuba bayan takarda. Nawa ɓangaren ya tsaya a kan kakana. Ya tambaye ni sunan mahaifin kakan nawa da garin da ya fito kafin ya zauna a Zariya, na kasa amsawa. Abin ya tsaya mini a rai sosai.

To ga roƙon. Gwaggo ita kaɗai ta rage da ta san wannan labari, kuma na ji jikinta ya yi rauni. Don Allah wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, ka kai mata goro da turare a madadina, ka kunna wayarka ka bar ta ta yi magana. Tambaye ta sunayen iyaye da kakanni, da garin da aka taso, da sana'ar gidan, da ma'anar tsagar da ke fuskar kakanmu. Kada ka katse ta ko ta yi nisa da zancen, kuma ka turo mini muryar yadda take.

Ka gaida Hajiya da yara, ka ce ta sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
abokinka na New Bedford