Shawara ga matasan Sakkwato masu shirin sayen osiloskop

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasanmu masu sha'awar haɗa kayan lantarki, musamman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da masu gyaran inbata da cajar waya, waɗanda ke tara kuɗi don sayen osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a kan allo.

Lambar da ke goshin na'urar, 50 MHz ce ko 100 MHz (MHz ɗaya na nufin zagayen sigina sau miliyan ɗaya a daƙiƙa), iyakar saurin siginar da take iya aunawa ce, kuma duk siginar da saurinta ya kai wannan iyaka, tsayin da za a gani a allo bai wuce kusan kashi 70 cikin 100 na ainihinsa ba. Shi ya sa injiniyoyi ke zaɓen na'urar da iyakarta ta ninka saurin siginar sau 5, domin kuskuren awo ya tsaya a kusan kashi 2 cikin 100.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina aikin inbata. Da yake wutar da take fitarwa 50 Hz ce, wato zagaye 50 kacal a daƙiƙa, sai mai gyara ya ɗauka cewa ƙaramar na'ura irin DSO138, mai iyakar 200 kHz (zagaye dubu 200 a daƙiƙa), ta wadatar da shi. Alhali transistocin da ke ciki suna kunnawa suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma abin da ke ƙona su sau da yawa tsallen ƙarfin wuta ne na ƙiftawar ido, daidai lokacin kashewar. Na'ura mai ƙaramar iyaka shafe wannan tsalle take yi ta nuna layi sumul, a sauya transisto, gobe ya sake ƙonewa, a ɗora laifin a kan zafin Sakkwato ko kayan jabu.

A ganina, na'ura mai 50 MHz irin Rigol DS1054Z ta ishi mai aikin amfilifaya da inbata. Wanda kuwa ke son ganin bugun agogon ƙaramin allon kwamfutar nan na haɗa kayan lantarki, Arduino Uno, mai 16 MHz, lissafin nan na ninki 5 zai kai shi 80 MHz, don haka ya nemi mai 100 MHz. Maimakon sayen wadda ta fi haka, gara ya kashe kuɗin a kan wayar awo mai kyau, wato wadda ke ɗauko siginar zuwa na'urar, ya kuma riƙa ajiye makunninta a 10x, wato inda ake rage ƙarfin siginar sau 10, domin a 1x, inda ba a rage shi, yawancin wayoyin ba sa wuce kusan 6 MHz, kome tsadar na'urar da aka jona su.

Na gode.

Mai karatu,
daga Sakkwato