Kuɗin da ake kashewa a kan ƙanƙarar Antaktika ba asara ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da dukan ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan gajeren labarin da kuka buga kwanakin baya a kan jirgin ruwan Afirka ta Kudu da ke kai masu bincike nahiyar Antaktika. An karanta shi a majalisarmu bayan sallar la'asar, sai wani abokin zamanmu, dattijo mai hankali wanda nake ganin girmansa, ya ce shi fa bai ga dalilin da zai sa ƙasar da matasanta ke yawo babu aiki ta kwashi dukiya ta kai wa ƙanƙara ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba, amma maganar ta yi mini yawa a baki, har aka kira magariba ban ce komai ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin auna yanayi kafin na yi ritaya, kuma na san tambayar nan tana zuciyar masu karatu da yawa. Shi ya sa nake roƙon ka ba ni fili.

Bari mu fara da wurin. Antaktika nahiya ce a can ƙarshen kudancin duniya, faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, kuma ƙanƙarar da ta lulluɓe ta kaurinta ya kai kimanin kilomita biyu idan aka yi tsaka-tsaki. A tashar Rasha ta Vostok aka auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifili a watan Yulin 1983. Mu da muke rawar ɗari idan muku-mukun hunturu ya sauko digiri goma, sai mu kwatanta. Ranar 1 ga Disambar 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a birnin Washinton cewa ba za a yi yaƙi ko gwajin makamin nukiliya a can ba, an bar wurin don zaman lafiya da neman ilimi. A 1991 aka ƙara yarjejeniyar Madrid wadda ta hana haƙar ma'adinai. Afirka ta Kudu tana cikin 12 ɗin farko, kuma ita kaɗai ce ƙasar Afirka mai tasha a nahiyar.

Tashar tasu sunanta SANAE IV, an gama ta a 1997, kimanin kilomita 4,000 daga Cape Town. Me ya sa ta huɗu? Domin ukun farko a kan ƙanƙara aka gina su, dusar ƙanƙara ta yi ta taruwa shekara bayan shekara har ta binne su, nauyinta ya murƙushe su. Da aka gaji da wannan sai aka nemi wani tsauni da ya huda ƙanƙara ya fito, mai suna Vesleskarvet, kimanin kilomita 170 daga gaɓa, aka kafa ginin a kan dogayen ƙafafun ƙarfe kamar yadda muke ɗaga rumbu, don iska ta riƙa share dusar ta ƙarƙashinsa.

Yanzu ga abin da mutane ba su cika sani ba. Idan an ce masu bincike, sai a zaci farfesoshi ne zalla. A cikin mutum tara ko goma da ake bari su yi damina da rani a tashar, wata 13 ko fiye, akwai likita, akwai makanikan injin dizal, akwai injiniyan lantarki, akwai mai auna yanayi irina, sannan injiniyoyin da ke kula da na'urorin bincike. Jirgin da ke kai su, S.A. Agulhas II, a ƙasar Finlan aka ƙera shi, ya fara aiki a 2012, tsawonsa mita 134, an sadaukar da shi ga marigayiya Miriam Makeba. Yakan tashi wajen Disamba, lokacin da sanyin can ya yi sauƙi. Babu tashar jirgin ruwa a can, sai dai ya rakuɓe jikin katangar ƙanƙara, a ɗaga kaya a ɗora a bisa, katafiloli su ja su a kan amalanke marasa taya har zuwa tashar. Mai, abinci, magani, kusoshi, fitilu, duk abin da za a buƙata a shekara sai an lissafa shi tun daga gida, don idan jirgi ya juya ya tafi, shi ke nan sai baɗi. Wanda ya manta bel ɗin janareta ba shi da kasuwar da zai aika yaro. Ruwan sha ma babu famfon da zai kawo shi daga wani wuri: fita ake yi da shebur a cikin wannan sanyi a zuba dusar ƙanƙara cikin na'urar da ke narkar da ita. Shara kuma ba a zubarwa, tattara ta ake yi jirgi ya komo da ita Afirka ta Kudu. Ga duhu: wajen wata biyu rana ba ta fitowa sam, a ɗaya ɓangaren shekarar kuma ta yi wajen wata biyu ba ta faɗi ba. Na sha tunanin Musulmin da ya samu kansa a can da azumi. Malamai sun yi bayani cewa irinsa yakan bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu kuma suka ce lokacin Makka.

Saboda haka gudanar da shirin bincike irin wannan rabinsa ilimi ne, rabinsa aikin sito da gareji. Su kansu sun raba shi haka: ma'aikatar da ke kula da muhalli ita ke riƙe da jirgi da tasoshi da jigila, har da na tsibiran Marion da Gough da ke can cikin tekun kudu, ɓangaren kimiyya kuma shi ke ba jami'o'i kuɗin bincike ta hannun hukumar bincike ta ƙasa. Idan ɗaya ya yi sakaci, aikin ɗayan ya tashi a banza. Zaɓen mutane ma aiki ne babba. A watan Maris na 2025 labari ya bazu cewa an samu rikici a SANAE IV, ana zargin ɗaya daga cikinsu da kai wa abokin aikinsa hannu, kuma babu hanyar ɗauko kowa cikin sauƙi, sai masana halayyar ɗan'adam suka riƙa yi musu magana daga nesa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, balle mutum tara a gida ɗaya cikin duhu. Ban kawo wannan don in kushe su ba. Na kawo shi ne don a gane cewa kuɗin da ake warewa don tantance mutane da kula da lafiyar zukatansu yana cikin kuɗin binciken.

To, me ake samu? Zan ba da misali guda wanda ya shigo har cikin gidajenmu.

Turawan Birtaniya suna da tasha mai suna Halley. Tun wajen 1956 suke auna iskar ozon a can, wato malafar da Allah ya sa a sama take tare mana zafin hasken rana mai ƙona fata da lalata ido da amfanin gona. Shekara kusan talatin mutum yana fita cikin sanyi, ya saita na'ura, ya rubuta lamba, gobe ma haka. Babu wanda ya san sunansa, babu jaridar da ta kula. Sai a 1985 mutum uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka buga sakamakon da ya nuna cewa a kowane Oktoba ozon ɗin da ke saman tashar yana raguwa, har ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Sun iya faɗin haka ne saboda suna da lambobin shekarun baya a jere da za su kwatanta. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1987, aka ƙulla yarjejeniyar Montreal ta daina amfani da sinadaran da ke cin ozon, kuma babu ƙasar da ba ta shiga ba, har da Najeriya da Nijar. Duk wanda ya taɓa kai firji gyara ya ga sakamakon ko bai sani ba. Tambayi kowane tsohon mai gyaran firji, zai gaya maka da gas ɗin R12 suka koyi aiki, yau kuwa R134a da R600a suke ɗurawa. Canjin nan daga kan ƙanƙarar Antaktika ya taso. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce idan aka ci gaba a haka, ozon ɗin can zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2066.

Wannan labari yana taɓa ni, domin na san zafin lambar da ta ɓace. A wata tasha da na yi aiki, wadda ba zan ambaci sunanta ba, gilashin da muke auna ruwan sama da shi ya fashe a farkon damina. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, na je da ƙafata. Aka ce babu kuɗi a kasafin bana. Kuɗin gilashin bai kai na buhun gero ba a lokacin. Na yi ta dabara da wata kwalba da na yi wa alama, amma na san abin da na rubuta ba zai karɓu ba, dole na bar gurbin babu komai. Shekaru bayan haka wani ɗalibin jami'a ya zo neman lissafin ruwan shekara arba'in don ya gano ko damina tana ja da baya a yankinmu. Ina kallonsa yana buɗe kundin shafi bayan shafi, yatsansa yana bin layi, har ya iso wurin. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, ina na wannan shekarar?" Ban manta da fuskarsa ba. Ruwan da ya sauka a waccan damina ya riga ya shige ƙasa, duk dukiyar duniya ba za ta dawo da shi a auna ba. Su ma Turawan abin ya same su: a 2017 ƙanƙarar da Halley ke kanta ta tsage, aka kwashe mutane a lokacin sanyi, lissafin ozon na shekara sittin ya samu giɓi, sai daga baya suka haɗa na'urar da ke aiki ita kaɗai. Shi ya sa nake cewa gwamnatin da za ta yi irin wannan aiki, ba yawan kuɗin shekara ɗaya ake nema a wurinta ba, a'a, kada ta yanke shi ne.

Ƙanƙarar kanta kundi ce. Dusar kowace shekara tana danne ta bara, tana kulle ƴan ƙananan kumfan iskar zamaninta. Masana na Turai sun haƙa a wani wuri da ake kira Dome C suka zaro sandunan ƙanƙara masu ɗauke da iskar shekara 800,000, kuma a duk tsawon wannan lokaci iskar kabon, wadda yawanta ke ɗumama duniya har ƙanƙara ta narke, ba ta wuce wajen kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420. Idan kuma ana tambayar ina ruwanmu, to ƙanƙarar Antaktika kaf, da za ta narke, teku zai tashi da wajen mita 58. Ba a ce gobe ba ne, amma ko kogin ƙanƙara guda da ake kira Thwaites yana riƙe da abin da zai ɗaga teku da wajen santimita 65. A je a tambayi mutanen Ayetoro a jihar Ondo, ko na Keta a Gana, yadda teku ke cin gari. Ƴan'uwanmu nawa ne ke neman abinci a Legas, a Agege da Mile 12 da Idi-Araba? Idan Legas ta jiƙe, har Kano za a ji ɗanshi.

Ba ina cewa Najeriya ta je ta gina tasha ba, kuma a nan na yarda da dattijon majalisarmu: wanda bai gyara ma'aunin ruwan ƙofar gidansa ba, bai kamata ya sayi jirgin fasa ƙanƙara ba. Amma akwai hanyar da Malesiya ta bi. Ƙasa ce mai zafi kamar tamu, ba ta da tasha, sai ta riƙa tura masananta tashar ƙasar New Zealand, ta koyi aikin a hankali, sannan ta shiga yarjejeniyar Antaktika ta 1959 a 2011. Mu ga jirgi nan yana tashi daga nahiyarmu kowace shekara. Jirgin nan ne ma ya gano ɓuraguzan Endurance, jirgin Baturen nan mai binciken Antaktika, Ernest Shackleton, da ya nutse a 1915, a zurfin mita 3,008 a watan Maris na 2022, kuma kyaftin ɗinsa a wannan tafiya baƙar fata ne ɗan Afirka ta Kudu, Knowledge Bengu. Me zai hana jami'o'inmu da hukumar kula da yanayi su nemi gurbin ɗalibi ɗaya ko biyu a cikinsa? Ana yanke shawara kan makomar nahiya guda a taron ƙasashen yarjejeniyar, kujerar Afirka ɗaya tak a wurin, wannan abu yana damuna ƙwarai.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan Disamba ta zo jirgin zai tashi, ka sa wakilinku ya nemi ɗaya daga cikin masu tafiya ya yi hira da shi, kuma in da hali makaniken dizal ɗin ko mai auna yanayin za a nema, a fassara mana da Hausa. Sannan a je tashar auna yanayi mafi kusa da ofishinku, a nemi a buɗe kundin, a ƙirga shafukan da babu rubutu, a buga mana adadinsu. Ni kuma zan kai jaridar majalisa in karanta wa abokina da kaina.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Tsohon ma'aikacin auna yanayi,
daga Kano.