Mamana, ki je a duba ki

Mamana,

Bayan gaisuwa, ya maigidan da yara? Ƙanwarki ta faɗa min abin da kika hana ta faɗa, kuma kada ki ga laifinta. Ƙullutu a mama tun kafin azumi, kina shafa masa man habbatussauda kin yi gum? Ke da kika yi jinyar mahaifiyarki, kika ga Innarki ta bi bayanta ba ta kai shekara 50 ba?

Ki saurare ni, ko don darajar shekarun da na yi ina koyar da bayoloji. Ƙwayoyin jikinki na ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshiyoyin da ke riƙe da bayanan gado, rabi daga gare ni, rabi daga marigayiya. A cikinsu akwai ƙwayoyin gado masu hana sankara tsirowa: BRCA1 a kan na 17, BRCA2 a kan na 13. Kowanne kwafi biyu ne, kamar ƙofa mai sakata biyu. In aka binciki tsokar sankarar mama, sau da yawa akan tarar wani ɓangaren kuromosom ya ɓalle ya ɓace, ya yi gaba da kwafi ɗaya. Wadda aka haifa da biyu lafiyayyu tana da saura. Wadda ta gaji ɗaya lalatacce fa, da ɗayan ya tafi shi ke nan. Tun 1971 wani masani, Alfred Knudson, ya bayyana wannan ƙa'idar a bincikensa kan sankarar idon yara.

Abin da ke hana ni barci ke nan. In mahaifiyarki na da lalataccen, yiwuwar kin gada rabi da rabi ne. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade a kan mata masu cutar a Ibadan ya nuna wannan gadon ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Na san kina riƙe da ni cewa ba a gwada ta ba. A lokacin wa ke yin gwajin a nan? Har gonar na sayar, kin sani.

Shirunki ba tawakkali ba ne, tsoro ne, kuma ina da hakki a kanki.

Ki yi haƙuri, Mamana. Yawancin irin wannan ƙullutu ba sankara ba ne. A yi hoto, in ta kama a ɗebi tsoka, kuma ki gaya wa likita labarin su biyun, ki tambaye shi gwajin gado. In nauyin maigidanki kike ji, ni zan kira shi. Na tura kuɗin hoton. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki