Kyamarar Tsaro a Gidajen Kano: Ina Take Kallo, Kuma Wa Ke Riƙe da Lambar Sirrinta?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan kyamarorin tsaro da ƙararrawar ƙofa mai ɗaukar hoto, waɗanda a da sai a bankuna da manyan kantuna ake ganinsu, amma yanzu sun shigo har lungunan cikin gari. Ƙwacen waya da satar babura da faɗan daba sun sa magidanta da yawa suna zuwa Sabon Gari ko Farm Centre su sayo su, kuma ni ma ina cikinsu, domin na sa guda huɗu bayan an ɗauke mini babur a soro da asuba.

Darasin farko da na koya shi ne na wuta. Kyamara da akwatin da ke ajiye hotunanta ba sa aiki sai da lantarki, ɓarawo kuwa ya fi son daren da aka ɗauke wuta. Duk wanda zai saya ya lissafa kuɗin batir ko sola da inbata tun farko, in ba haka ba ya sayi abin ado ne kawai. Ya kuma gwada hoton da daddare kafin ya biya, ya tambayi kwana nawa akwatin yake riƙe hoto kafin sabo ya goge tsoho. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa gogewa. Akwatin kuma kada a ajiye shi a falo kusa da talabijin, domin wanda ya shigo sata zai haɗa da shi ya tafi da shaidar gaba ɗaya.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi wannan nauyi. Bayan kamar wata biyu da yin aikin, sai yaron da ya haɗa mini kayan ya kira ni yana cewa, "Alhaji, kyamarar tsakar gida ta mutu tun jiya, in zo in duba?" Na yi masa godiya, sai da na ajiye wayar gabana ya faɗi, domin ban gaya masa ba, kuma babu yadda zai sani sai in yana kallon gidana ta wayarsa. Ban ce yana da mugun nufi ba, wataƙila kula da aikinsa yake yi, amma tsakar gidan nan a nan iyalina suke girki da wanki ba tare da mayafi ba. A ranar na sa aka cire wannan kyamarar, aka sake rajistar na'urar da lambar wayata, na sauya lambar sirri da hannuna. Da na ba abokai labari, sai na tarar yawancinsu ba su taɓa sauya lambar da aka ba su ba.

Ba a nan kaɗai wannan matsala take ba. A shekarar 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Ring mai yin kyamarorin tsaro da ƙararrawar ƙofa, wanda Amazon ya saya a 2018, ya amince da biyan dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikatansa sun samu damar kallon bidiyon cikin gidajen masu saye. In haka ta faru da babban kamfani a ƙasar da ake sa ido sosai, me za a ce da ƙaramar kyamara marar suna da ake haɗawa da intanet a shago cikin minti goma?

Sai kuma haƙƙin maƙwabci. Ginin gidajenmu na Kano an yi shi ne a kan sutura: soro a gaba, katanga mai tsawo, tsakar gida a buɗe ga sama. Wanda ya hau saman bene ya kafa kyamara mai juyawa da jawo hoto kusa, yana iya leƙa gida uku ko huɗu ba tare da sun sani ba. Allah Ya hana mu bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma leƙe ta gilashi leƙe ne. Nijeriya ma ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. Ni dai da na kafa ta ƙofar gida, na kira maƙwabcina na nuna masa iyakar abin da take ɗauka, muka sunkuyar da ita tare har ƙofarsa ta fita daga hoton.

Ƙararrawa mai kyamara kuwa ina ganin amfaninta, musamman ga uwargidan da ba ta da yaron da za ta aika ya dubo mai sallama. Tana ganinsa ta waya, ta amsa masa daga ɗaki. Sai dai tana cin data, kuma a lungu mai yawan zirga-zirgar yara da almajirai da masu talla, dole a rage saƙon da take turowa duk lokacin da wani ya gifta, in ba haka ba mutum zai gaji ya kashe ta.

Ina kuma roƙon jama'a, in kyamara ta ɗauki wanda ake zargi, a kai hoton ga 'yan sanda da mai unguwa maimakon a watsa shi a WhatsApp da Facebook. Hoton dare yakan yi dishi-dishi, kama kuma tana da yawa, ana iya jawo wa ɗan mutane duka ko abin da ya fi haka a kan laifin da bai san da shi ba. Ga masu unguwanni da ƙungiyoyin sintiri, ina ba da shawarar su tattauna wannan batu a tarukansu, su kuma nemi masu haɗa kyamara su riƙa miƙa wa maigida rajistar na'urar da lambar sirrinta a ranar da suka gama aiki, su goge na'urar daga wayoyinsu a gabansa.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Gwammaja, Kano.