Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, manya da ƙanana, da dattawanmu da suka ara mana ɗakin da muke haɗuwa a Yantala, Allah shi saka da alheri. Ga abin da ƙungiyarmu ta masu koyon rubuta manhaja ta yi a bana, biro ne ya ce in rubuto kowa ya karanta kafin babban taro.

Zaman Asabar bai tsaya ba, sai dai cikin azumi mun maida shi bayan tarawi. Ajin Python da na Linux na ƴan farawa sun tahi lahiya, ƙannenmu mata sun ƙaru sosai, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ke ƙetaro gada daga Harobanda ma ba su gaji ba. Wannan kowa ya gani, ba sai na ja ba.

Aikin da ya ci mana shekara shi ne wanda muka yanke tun Janairu, wato mu gina kompilatar, manhajar da ke juya kod zuwa abin da mashin ke iya gudanarwa, da hannunmu daga kod ɗinta na asali, mun zaɓi GCC 14 bisa ordinatocinmu masu Linux irin Debian 12, waɗanda suka zo da GCC 12. Wasu sun ce ɓata lokaci ne tunda sauko da ginanniya da apt install minti kaɗan ne an gama, ni kam har yau ina kan bakana, babu aikin da ya koya wa yaranmu karanta saƙon kuskure kamar wannan. GCC tun 1987 Richard Stallman ya fitar da ita, kuma kanta take ginawa, zagaye uku, tsohuwar kompilatar ta gina ta farko, ta farko ta gina ta biyu, ta biyu ta gina ta uku, sannan a gwada ta biyu da ta uku a ga ko sun zo daidai. Kun ga kenan aikin awowi ne, kuma ko'ina yana iya faɗuwa.

Matsalolin farko da suka tare mu masu sauƙi ne. Configure, matakin farko da ke duba ko mashin na da kayan ginin, ya ƙi wucewa don babu GMP da MPFR da MPC, kayan lissafin da GCC ke dogara da su, alhali cikin kod ɗin akwai contrib/download_prerequisites da ke sauko da su, sai dai yana son konekson, don haka muka sauke sau guda muka raba a kile don kar kowa ya ƙone forfe ɗinshi. Nan ma wani ƙanenmu ya buɗe kod ɗin a kan kile mai FAT32, wadda ba ta riƙe izinin fayil irin na Linux, abu ya rikice, tun ranar doka ce a ɗauko tar.xz a rufe, sai a kan disk a buɗe. Haka ginawa cikin dosiyen kod ɗin kanshi, masu GCC da kansu sun ce a buɗe wani dosiye daban. Sai maganar 32 bit, configure ya faɗa ƙarara cewa ba ya ganin kayan 32 bit, wanda ya tilasta da --enable-multilib ya je ya faɗi can wurin libgcc bayan dogon jira, mu da ba mu da buƙata --disable-multilib ya ishe mu.

Inda muka sha wuya da gaske ba laihin kod ba ne, na'urorinmu ne da garinmu. Mashin mai RAM giga 4 aka ba shi make -j8, wato umarnin gini na aiki takwas lokaci guda, yana cikin tahiya sai ga "Killed signal terminated program cc1plus", yaro ya rantse GCC ce ta lalace, da aka buɗe dmesg, inda ake ganin saƙonnin Linux kanshi, sai ga shi Linux ne ya kashe aikin don memwar ta cika. Aka sauko -j2 aka ƙara swap, wato wurin disk da ake ara ya zama memwar, ya wuce, a hankali dai amma ya wuce. Waɗanda suka gwada LLVM, wani babban aikin kompilatar daban da GCC, sun fi kowa jin wannan, wurin haɗa fayilolin ƙarshe ne take cinye memwar, sai da suka sa Release maimakon Debug, suka taƙaita LLVM_TARGETS_TO_BUILD ga X86 kaɗai, da LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1 tare da Ninja.

Sai zafin Afrilu da Mayu, kun san yadda Yamai take, sama da digiri 40. Akwai ordinatar guda da ke ba da "internal compiler error: Segmentation fault", yau a wannan fayil gobe a wancan. Wata ƙanwarmu daga ajin Linux ce ta lura, ta ce yaya in kuskuren kod ne ai wuri guda zai riƙa tsayawa, wannan mai yawo daga ƙarfen ne. Muka buɗe cikin mashin ɗin, ƙurar hunturu ta yi dam a fanka kamar auduga, aka hure, aka sa memtest86+ mai gwajin RAM ya kwana, da safe allo ya cika da jan layi, sandar RAM guda ta mutu. Wallahi ranar na ji daɗi har raina, abin da muke nema kenan.

Ɗaukewar kuran ma ta koya mana nata. In wuta ta tahi ana tsakar gini, make yana ci gaba daga inda ya tsaya, amma wani lokaci ana barin fayil .o, irin wanda kompilatar ke fitarwa, rabi da rabi mai sabon kwanan wata, make ya ɗauka an gama shi, sai can gaba ld, mai haɗa fayilolin, ya yi ƙorafin fayil ɗin guntu ne. A goge shi kawai a sake. Tsofaffin mashinan da ke cewa "Clock skew detected" kuma ƙaramin pil ɗin agogo ne, CR2032, ya ƙare.

Yanzu tsarinmu shi ne kowane gini a aje log, wato rubutun duk saƙonnin da suka fito, da umarnin tee, a nemi kuskure na farko, don layukan "Error 2" na ƙasa maimaici ne kawai, in configure ne a duba config.log na dosiyen da ya faɗi. Wanda ya turo hoton layin ƙarshe kaɗai a grup ɗin WhatsApp za a ce ya koma ya kawo log. Ƴan farawa kuma mun fara su da TinyCC, ƙaramar kompilatar ta Fabrice Bellard, nan da nan take ginuwa, su ɗanɗana nasara kafin su tari babba.

Kuɗin karo-karo ya tahi ne a RAM da pil da forfe, ma'aji zai karanto dalla-dalla a taro. Akwai shawarar buga riguna, ni roƙona a fara sayen ondilar ko da guda ce, don mashin ɗin da ke kwana yana gini. Baɗi muna son rubuta duk waɗannan matsalolin da maganinsu da Hausa, ƴan uwanmu na Tahoua sun daɗe suna tambaya, muna neman masu sa kai. Taro Asabar ta biyu ta Janairu bayan la'asar in sha Allah, wanda ake bi bashin wata ya zo da shi, kuma don Allah masu kile ɗin ƙungiya a hannunsu su maido.