Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Shikago

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana nan lafiya kamar yadda muke a nan. Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Na saurari saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a a kan gardamar da kuka yi a wurin cin abinci na makaranta. Ka ce abokinka baƙar fata ɗan ƙasar ya dage cewa wariyar launin fata na nan daram a Amurka, wani Bature ɗan ajinku kuma ya ce zancen ya tsufa, har ya nuna ka da hannu ya ce ga shaida nan: ɗan Najeriya ya zo jiya-jiya, an ba shi tallafin karatu, yana kan gaba a aji. Kai kuma ka mara wa Baturen baya, saboda tun zuwanka ba wanda ya taɓa zaginka. Na gode wa Allah da ba a wulaƙanta ka ba. Amma raina bai kwanta da yadda ka yarda aka kafa hujja da kai a kan abokinka ba, kuma maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara ba Baturen nan haƙƙinsa, don yana da gaskiya a wani ɓangare. A 1955 wani yaro ɗan garin da kake ciki, Emmett Till, mai shekara 14, ya je ziyarar dangi a jihar Mississippi. Aka ce ya yi wa wata Baturiya rashin kunya a kanti. Aka ɗauke shi cikin dare, aka yi masa dukan da ya sauya masa kamanni, aka harbe shi, aka jefa gawar a kogi. Masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda dukansu fararen fata ne, suka wanke mutum biyun da aka kama, daga baya mutanen suka amsa laifin da bakinsu a wata mujalla. Uwarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe a nan Shikago, duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Wannan ita ce Amurkar zamanin kakanka. Daga nan aka yi dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, da dokar kare ƙuri'a ta 1965. A 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da fari. Da cibiyar Gallup ta tambayi Amurkawa a 1958 ko sun yarda da irin wannan aure, kashi 4 cikin ɗari ne suka ce eh; a 2021 sun kai kashi 94. Shikago ta zaɓi Harold Washington magajin gari a 1983, kuma daga kudancin garin nan Barack Obama ya taso a siyasa har ya ci zaɓen 2008. Duk wanda ya ce ba abin da ya sauya ya zalunci mutanen da suka ba da jininsu don ya sauya.

To amma kai ka auna wariya da zagi, kuma nan ne ma'auninka ya gaza. Wanda zai hana ka aiki ba sai ya zage ka ba, murmushi zai yi maka ya ce za su kira ka. Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun gwada wannan a Boston da kuma Shikago. Suka aika takardun neman aiki wajen dubu biyar zuwa ga masu cigiyar ma'aikata a jarida, suna liƙa wa takardun sunaye ba tare da zaɓi ba: wata a sa mata sunan da aka san Turawa da shi, kamar Emily ko Greg, wata a sa Lakisha ko Jamal. Sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna sunayen Turawa sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Ka lura, a nan ba zancen lalaci ba ne, ba zancen tarbiyya ba, don babu ma mutum a bayan takardar. Suna ne kawai. Kuma Jamal ɗin da aka ƙi kira ba zai taɓa sanin dalili ba, zai iya rantsuwa kamar yadda ka rantse cewa shi ba a taɓa nuna masa bambanci ba.

Sai maganar dukiya, wadda ta fi damuna, don ita ce ake gada. Alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 sun nuna matsakaicin gidan farar fata ya mallaki kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuma kimanin dala 45,000. Fiye da ninki shida ke nan. Yawancin arzikin talakan Amurka a gidan da yake zaune yake. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, tana shafa jan launi a unguwannin baƙaƙe a matsayin wuraren da ba da bashi ke da haɗari. Bankuna suka riƙa ƙin ba da bashin sayen gida a can. Bature ya sayi gida da bashi mai sauƙi, gidan ya yi daraja, ya jinginar da shi ya biya wa ɗansa jami'a, ya mutu ya bar wa jikoki. Baƙar fata ya ƙare rayuwarsa a haya. Ba a haramta wannan bambanci ba sai a 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, wanda a 1966 aka jefe shi da dutse a ka a unguwar Marquette Park ta garinku, a kan wannan magana ta gidaje. Doka ta hana ci gaba da zaluncin, amma ba ta mayar wa kowa gidan da aka hana ubansa saya ba. Wani binciken Jami'ar New York na 2019 ya ƙiyasta cewa mazaunin unguwar Streeterville na iya kaiwa shekara 90 a duniya, na unguwar Englewood kuwa 60, duk a cikin Shikago ɗaya.

Na san amsar ɗaya ɓangaren, kuma ba amsar banza ba ce. Akwai masana, har da baƙar fata irin su Thomas Sowell, da ke cewa an ɗora wa wariya nauyin da ba nata ba ne, a duba mutuwar aure, da lalacewar makarantu, da bindigogi a hannun matasa, a kuma tuna akwai miliyoyin Turawa matalauta. Ka karanta su da kyau. Ni dai abin da na fahimta shi ne waɗannan matsaloli gaskiya ne, kuma da yawansu sun yi ƙamari ne a unguwannin da aka shekara da shekaru ana toshe wa hanyar kuɗi.

Kada ka ɗauka ku kaɗai kuka kasa daidaitawa a kan teburin abinci. A 2013 Kotun Ƙoli ta rabu biyar da huɗu a kan wannan tambaya. Masu rinjaye suka ce ƙasa ta sauya, suka soke ma'aunin da ya tilasta wa wasu jihohi neman izinin tarayya kafin su taɓa dokar zaɓe. A ranar da aka yanke hukuncin Texas ta ce za ta fara aiki da dokarta ta nuna katin shaida. North Carolina ta yi tata dokar, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2016, tana cewa an tsara ta ne takanas don rage ƙuri'ar baƙaƙe. 'Yan siyasa na kowane ɓangare kuma sun san maganar launi na kawo ƙuri'a, wani ya tsorata mutanensa da baƙi masu shigowa, wani ya tuna da baƙar fata sai zaɓe ya matso. Kai baƙo ne, ba ka da ƙuri'a a can, don haka kada ka zama ɗan amshin shatan wata jam'iyya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kai ba samfurin 'yan Najeriya ba ne, balle na baƙar fata. Ka ci jarrabawa, ka tsallake tantancewar jami'a, ka tsallake layin biza inda da yawa suka koma gida da hawaye. Ka tashi a gidan da ake karatu, a garin da alƙali da likita da gwamna duk kalarka ne, ba ka taɓa tunanin launinka ba sai da ka sauka daga jirgi. Abokinka kuwa a cikin abin ya buɗi ido, shi da iyayensa da kakanninsa. Gwada ku biyu a ce ga shi wannan ya iya, me ya hana wancan, rashin adalci ne, kuma daɗin yabon da ke ciki shi ne tarkon. Ka kuma sani dokar shige da fice ta 1965, wadda ta kawar da tsarin fifita 'yan Turai, ta zo ne a cikin guguwar gwagwarmayar da baƙaƙen Amurka suka yi. Kujerar da kake zaune a kai a aji, da dukan da aka yi wa kakannin abokinka aka same ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce maka ga inda ke zuba, ka yi shiru ka duba, ko da a ƙarshe za ka saɓa masa.

Kuma ɗan sanda ba ya tambayar fasfo kafin ya tsorata. Amadou Diallo ɗan Gini ne, ɗan talla a New York. A watan Fabrairun 1999, a bakin ƙofar gidansu, ya sa hannu aljihu ya zaro walat, 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi, kotu ta sallame su. A garinku a 2014 an harbi Laquan McDonald mai shekara 17 har sau 16, bidiyon bai fito ba sai bayan fiye da shekara, da umarnin alƙali. Don haka in an tsayar da kai a mota, kashe injin, sauke gilashi, ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Kada ka kai hannu aljihu sai ka faɗa an ce ka ɗauko. Kada ka fita sai an ce ka fita, kada ka ɗaga murya. In an zalunce ka, riƙe suna da lamba, lauya zai yi sauran. Ina so ka dawo mini da ranka.

Ban ce ka riƙa ganin wariya a kowace fuska ba. In malami ya ba ka maki kaɗan, fara duba aikinka. In ka tabbata bambanci aka nuna maka, rubuta abin da ya faru da rana da lokaci, ka kai ofishin da makaranta ta tanada. Baturen nan ma kada ka yanke shi, mai yiwuwa abin da ya gani kaɗai ya faɗa.

In kuma suka tambaye ka yaya abin yake a wurinku, kada ka ce mu ba mu san wannan ba. Ka san auren da aka fasa a layinmu bayan an kai kuɗin gaisuwa, saboda wata gwaggo ta tono cewa kakan yaron bawa ne, yaro mahaddaci mai sana'arsa. Ka san sunayen da muke kiran wasu ƙabilu da su in ba sa kusa, da wanda aka haifa a gari aka hana shi takardar ɗan asali, da tulin man bilicin da 'yan mata ke saye a kasuwa don an nuna musu fara ta fi tsada. A Nijar sai a 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuka, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. Abu Zarri sahabi ne babba, amma da ya gori wani mutum da uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa har yanzu akwai jahiliyya a tare da shi. Faɗin wannan a gabansu ba zai rage maka daraja ba.

Ka nemi abokin nan naka a wannan makon. Ka gaya masa ka yi gaggawar magana, ka roƙe shi ya kai ka gidan tarihin baƙar fata na DuSable da ke kudancin gari, in iyayensa sun yarda kuma ka je ka gaishe su, ka riƙe musu ɗan abin hannu kamar yadda aka koya maka. In akwai tsoho a gidan, zauna ka tambaye shi yadda suka samu wurin zama. Ina jiran ka rubuto mini abin da ya ce.

Ummanka ta ce in tambaye ka ko kilishi da yajin sun ƙare, kuma ka sayi rigar sanyi mai kauri tun kafin hunturu ya kama. Ka kula da salla a kan lokaci.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.