Majinar yaro: hasasiyya ce ko ciwon kogon hanci?

'Yata,

Ina fatan kuna lafiya a Jidda, ke da maigidanki. Kin ce hancin angon nawa ya ƙi tsayawa, har kina shirin nemo masa maganin ƙwayoyin cuta. Dakata tukuna, ki dubi majinar da kyau.

In ruwa ce tsararo, atishawa na zuwa biyar ko shida a jere, yana murza ido, yana tura hanci sama da tafin hannu har layi ya fito a karan hancin, jikinsa kuma ba zafi, to hasasiyya ce, wato jikinsa ne ba ya jituwa da wani abu kamar ƙura ko hayaƙi. Tana iya ɗaukar makonni. Ki lura da lokacin da take tashi: ranar ƙura, ko in kin sa turaren wuta, ko in ragar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta daɗe ba a wanke ba. Ragar nan ki riƙa wanke ta duk mako biyu, bakhur kuma, wato turaren wutan, ki nisanta shi da ɗakin da yake kwana. Ruwan gishirin hanci safe da yamma, da maganin hasasiyya cetirizine daidai shekarunsa, yawanci sun isa. Magungunan buɗe hanci da ake ɗigawa ko fesawa, irin su Otrivin, kada su wuce kwana 3, domin da an daina hancin yakan fi toshewa.

Ciwon kogon hanci kuwa, wato ramukan iska da ke cikin ƙashin fuska kewaye da hanci, da lissafin kwanaki ake gane shi. Mura ta wuce kwana 10 ba sauƙi. Ko ya fara warwarewa, wajen kwana na 5 ko 6 zazzaɓi da tari su dawo da ƙarfi. Ko zafin jiki ya kai 39 tare da majina mai kauri kwana 3 a jere. Sau da yawa akwai warin baki da tarin dare. Koriyar majina ita kaɗai ba hujja ba ce, mura ma tana kawo ta. Kada ki jira ya ce goshinsa na ciwo, kogon goshi ba ya samuwa sosai sai wajen shekara 7. Likita ne zai yanke ko a ba shi maganin ƙwayoyin cuta amoxicillin, saidaliya ma, wato kantin magani, ba za ta sayar miki ba sai da takardarsa.

In kika ga fatar idonsa ta kumbura ta yi ja, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko wuya ya sandare, ki kai shi asibiti a daren, kada ki bari sai gari ya waye.

Ki shafa mini kansa.

Mahaifiyarki